Laburare a Gidan Gem

Matasa kan zo shagona a Batsari su ce suna son koyon gyaran kwamfuta. Nakan tambaye su abin da suka riga suka sani. Amsar ɗaya ce kullum, fomat. In kwamfuta ta yi nauyi a yi mata fomat, in ta ƙi buɗe wani abu a yi mata fomat. A ganinsu sana'ar ke nan, ka goge komai ka ɗora sabon Windo ka miƙa wa mai ita. To ga labarin wani aiki da fomat ba ta da abin da za ta yi mashi.

Sunana Sale. Ban yi boko ba. A wani ƙauye bayan Wagini aka haife ni, gero da wake muke nomawa. Haruffan boko a jikin madannan waya na koye su, kuma har yau Turanci ba na jin shi sai kalmomin da aiki ya tilasta mani. Sana'a kuwa a Katsina na fara ta lokacin cin rani, wurin wani mai gyaran rediyo da ake kira Malam Mamman. Ya daɗe bai bar ni na riƙe sukudireba ba. In aka kawo rediyo sai ya kunna ta ya ajiye a gabana ya ce, "Me ta ce?" In na ce ta lalace, sai ya ce mai ita ma ya san wannan, shi ya sa ya kawo ta. Sai na faɗi ko shuuu take yi, ko tana kamawa tana saki, ko sai an buge ta take magana. Daga nan ne yake buɗewa. Bayan rediyo na koma waya, daga waya na shiga turi, wato zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori. Turi ne ya sa na sayi kwamfuta, ita kuma da ta fara ba ni wahala na koyi cikinta. Shekarar da aka tashe mu daga ƙauye na dawo Batsari gaba ɗaya. Wannan ba zan yi maganarsa ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Sukudireba ƙanana, mita, burushin haƙori, kwalbar sifirit, faifan Windo 7 guda ɗaya da na daɗe ina aiki da shi, sai filash da nake ratayawa a wuya da igiya don ya sha ɓacewa. Ga sola a saman shago.

Aikin da nake nufi ya zo ne a shekarar da aka yanke sabis a yankinmu. Wanda bai zauna nan ba a lokacin ba zai gane ba. Waya ta zama tocila da rediyo kawai. An rufe kasuwar mako, an hana sayar da mai a jarka, mutanen ƙauye da nake ci da su suka daina shigowa. In kana son ka kira wani ko ka sauke wani abu daga intanet, sai ka shiga mota zuwa Katsina, hanyar kuma ba kullum ake bin ta ba.

Wata rana da hantsi wani malami ya sauka daga babur a ƙofar shago, laftof ɗinsa naɗe cikin sallaya. Malam Nura sunansa, lissafi yake koyarwa a wata sakandare ta ɓangaren Safana. Saurayi ne mai ladabi, ya durƙusa muka gaisa har ya tambayi mutanen gida da bai sani ba. Ya ce yana karatun digiri na ƙarshen mako a Katsina, ya gama komai sai aikin ƙarshe. Ya taɓa ɗage shi sau ɗaya saboda halin da ake ciki, an ce mashi wannan ce damar ƙarshe. Mako mai zuwa zai tsaya gaban malamai ya kunna abin da ya rubuta su gani da idonsu. In bai kunnu ba, shekarun da ya yi yana bin hanyar nan sun tafi a banza.

Abin da ya rubuta manhaja ce mai tsara lokutan darussa. Makarantarsu ta karɓi ɗaliban wata makarantar ƙauye da aka rufe, gini ɗaya, wasu safe wasu yamma, malamai kaɗan. Ya rubuta abin da zai raba malaman ba tare da an sa mutum ɗaya a aji biyu lokaci guda ba. Da wani harshe na kwamfuta ya rubuta, sunansa Python. Ya bayyana mani cewa rubutun nasa ba ya tashi shi kaɗai, sai Python ɗin ya tashi tukuna ya karanta shi ya aikata. A kwamfutar wani abokinsa ya yi aikin duka. Abokin ya samu canjin wurin aiki ya tafi da kayarsa. Kafin ya tafi, Malam Nura ya kwashe rubutunsa a filash, ya kwashe foldar Python ɗin ma gaba ɗaya, ya zuba a wannan tsohuwar laftof mai Windo 7 da ya samu.

Na ce ya kunna. Ya danna, sai wani ɗan akwatin saƙo ya fito a allo da jan tambari. Na ce, me ta ce?

Ya karanta ya fassara mani. Wai manhajar ba za ta tashi ba domin babu wani fayil a kwamfutar. Sunan fayil ɗin dogo ne, ya fara da api-ms-win-crt, ya ƙare da dll. A ƙasa kuma an ce a sake saka manhajar. Ya ce ya sake zubawa daga filash har ya gaji, akwatin bai fasa fitowa ba. Ya kai ta wurin wani mai gyara a Safana, ya ce fomat za a yi. Shi ne ya ɗauko kayarsa ya taho.

Na ce ya yi daidai. Da faifan Windo irin nawa mutumin zai yi fomat ɗin, kuma ban san ko fayil ɗin yana cikin faifan ba. Don mu gani, na zuba foldar Python a tawa kwamfutar, wadda ni na ɗora mata Windo da hannuna. Akwati ɗaya, suna ɗaya. Ashe da an goge laftof ɗin, da a nan za a sake tsayawa.

Abin ya tsaya mani a rai. Ni ɗan turi ne. Abin da na sani shi ne in ka kwafi abu gaba ɗaya, ka kwafe shi. Waƙa ba ta taɓa ce mani ta baro wani abu a kwamfutar da ta fito ba. Mun duba foldar tare, girmanta a filash da girmanta a laftof ɗaya ne. Ba abin da ya zube a hanya. To me ya sa take neman abin da ba ta taɓa ɗauke da shi ba?

A turi muna da wata dabara. In ƙaramar waya ta ƙi karɓar fayil, wani lokaci sunansa kawai za ka canja ta karɓa. Na ce bari mu gwada. Na shiga cikin Windo na samo wani fayil mai ƙarewa da dll, na kwafe shi, na sa Malam Nura ya rubuta mashi wancan dogon sunan harafi da harafi, muka ajiye shi kusa da Python. Ya ce, "Baba Sale, wannan ai yaudara ce." Na ce mu ga ko za ta yaudaru.

Ba ta yaudaru ba, amma maganarta ta canja. Akwati ya fito da wani rubutu daban. Malam Nura ya karanta a hankali. Ya ce yanzu ba ta ce babu fayil ba. Cewa ta yi ta nemi wani abu mai suna kaza a cikin laburaren ba ta same shi ba.

Na ce wane laburare? Ni laburaren da na sani ɗakin littattafai ne, akwai ɗaya a makarantar da ke bayan shagona, kullum a kulle. Ya ce shi ma kalmar ke nan a rubuce. An taɓa gaya masu a aji cewa fayil mai dll laburare ne, ya haddace ya ci jarrabawa, amma bai taɓa tsayawa ya tambayi dalili ba. Muka zauna muna juya kalmar. Na tambaye shi me ake yi a laburare. Ya ce karatu. Na ce ai a gida ma ana karatu. Can ya ce aro ake yi. Littafi ɗaya, kowa ya zo ya ara ya mayar.

Nan na gane wani abu. A ƙauyenmu tsani ɗaya ne a unguwarmu, a gidan wani kawuna yake. Duk mai son hawa rumbu ko gyaran jinka can zai aika. Ba wanda ya taɓa ƙirga tsani cikin kayan gidansa, kuma ba wanda ya taɓa rasa shi. Da muka dawo Batsari mun kwaso tukwane da tabarmi da duk abin da yake namu. Ranar da aka fara buƙatar hawa sama ne muka lura ba mu da tsani, ba mu kuma taɓa samun shi ba. Na ce wa Malam Nura Python ɗinsa haka yake. Ya kwaso kayansa duka, amma akwai abin da yake arowa a wancan garin. Ni kuma na rubuta sunan mai tsani a ƙofar wani gida, ya yi sallama ya shiga ya tarar ba tsani.

Ya yi dariya ya ce ya yarda, amma ina za mu samo? Da akwai sabis da an nema a sauke. Ya ce zai tafi Katsina. Na ce ya je ya sauke me? Ba mu san sunan abin da ke kawo fayil ɗin ba, kuma wurare da yawa da ke ba da irin waɗannan fayiloli ɗai-ɗai cuta suke haɗawa da su. Ya je ya dawo da abin da ba shi ba, ya bi hanyar sau biyu a banza. Na ce ya kwana a Batsari wurin wani abokin aikinsa, mu fara duba garin.

Washegari muka je wurin wani ma'aikaci da na taɓa yi wa gyara, yana da sabuwar laftof mai sabon Windo. Python ya tashi a kanta nan take. Baƙin allo, rubutu kaɗan, sai alamu uku kamar kan kibiya suna jira. Mutumin ba zai ba da aron laftof ta ofis ba, ban kuma roƙe shi ba. Na nemi fayil ɗin a cikinta na samu, na kwafa. Muka koma shago muka sa. Akwati ya fito da wani suna, farkonsa iri ɗaya, ƙarshensa daban. Muka koma muka kwaso wannan. Ya nemi wani. Na kwaso duk masu kama da su a tafi ɗaya. Sai ya nemi wani da bai yi kama da su ba ko kaɗan, da na kawo shi kuma, ya ƙi zama da tsohon Windo. Ma'aikacin ya fara ɓata rai da sallamarmu. Na goge duk abin da muka zuba, na mayar da laftof ɗin yadda ta zo. In kana gwaji ka riƙa sanin abin da ka sa, don ka iya cire shi.

Abin da na koya a ranar shi ne ba fayil ɗaya ba ne, dangi ne, kuma ba a kawo su ɗai-ɗai. Akwai abin da ke sauke su tare, kowa a wurinsa. Malam Nura ya fara maganar ko zai je ya roƙi malamansa su bar shi ya yi bayani da baki kawai. Ya san ba za su yarda ba. 

Saura kwamfuta biyu a garin da na sani ban gwada ba, na gidan gem ɗin Lawal, wanda kowa ke kira Koci. Ƙwallon kwamfuta ake bugawa a wurinsa. Ni na haɗa mashi su, ni na ɗora masu Windo 7 da faifan nan nawa. Don haka ban sa rai ba, na je ne don kar a ce ban je ba. Koci ya gan mu ya ce, "Kawu, yau kuma da malami ka zo? Wa zai ɗauki wa?" Na ce ya tashi ya ba ni kujera, bakinsa ya fi hannunsa gudu. Ya ce in na goge mashi kofin da ya kusa ci, sai na biya shi da akuya.

Na sa filash a ɗaya daga cikinsu, Malam Nura ya danna. Baƙin allo ya buɗe, alamun nan uku suka fito.

Muka tsaya muna kallo. Windo ɗaya da tawa, faifai ɗaya, hannu ɗaya ya ɗora. A tawa ya ƙi, a ta Koci ya tashi. Malam Nura ya ce ko za a ara mashi ita ya tafi da ita Katsina. Koci ya ce ya yi haƙuri, da ita yake ciyar da gida, kuma babbar kwamfutar tebur ce, in aka tare mota a hanya wa zai biya? Gaskiya ya faɗa. Ni kuma ba aronta ke gabana ba. So nake na san me ya shiga cikinta bayan na bar ta.

Na tambayi Koci me ya saka. Ya ce ƙwallo da tseren mota, shi ke nan. Na ce ya nuna mani inda ya samo su. Ya jawo wani hadis, wato babbar ma'ajiyar fayiloli, da ya sayo daga Kano, bai taɓa goge komai a ciki ba don yana tsoron ya taɓa abin da bai sani ba. Na ce ya tuna lokacin da yake saka ƙwallon, ba abin da ya fito kafin wasan? Ya ce akwai wani ɗan akwati fari da ke fitowa ya cika layi ya ɓace, shi dai yana danna na'am ne ya wuce. Na buɗe foldar ƙwallon. A gefe akwai wata ƙaramar folda mai suna redist. Na san ta. Duk ɗan turi ya san ta, domin ita muke fara jefarwa in filash ya cika, tunda ba wasan ba ce. A ciki akwai fayiloli biyu, ɗaya ya ƙare da 86, ɗaya da 64.

Malam Nura ya karanta sunayen ya ce yana ganin haruffan crt na fayil ɗin da ake nema da waɗannan suna da alaƙa, amma ba zai rantse ba. Na ce ba sai ya rantse ba. A tawa kwamfutar za mu fara gwadawa, in ta lalace tawa ce. Muka kwafa. Koci ya ce mu faɗa wa jami'a cewa a wurinsa aka yi digirin.

A shago na saka su biyun a tawa, don ban san wanne ake so ba. Farin akwatin ya fito, layi ya cika a hankali. Na kashe na kunna. Python ya tashi. Sai na sa Malam Nura ya kwafe rubutunsa a filash ɗina da nasa, sannan na taɓa laftof ɗinsa. Nata layin ya daɗe a tsakiya ba ya motsi. Ya miƙa hannu zai danna wani abu, na riƙe hannun. Tsohuwar kwamfuta in tana aiki ka bar ta. Can ya cika. Muka kashe muka kunna, ya danna, alamun uku suka fito. Ya rubuta sunan aikinsa, sai ga sunayen malamai da azuzuwa suna jeruwa, safe daban yamma daban. Ya duba ya ce ba wanda aka sa aji biyu. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake kunnawa, ya sake, kamar bai yarda ba.

Na ce ya bar fayilolin biyu a filash ɗinsa, ko za a ce ya kunna a wata kwamfutar. Tun daga ranar ni ma ban sake jefar da foldar nan ba, tana cikin filash ɗin wuyana. Na yi amfani da ita a kan manhajar firinta, da ta gyaran hoto, da wata ta masu awon fili. Ba kullum take magani ba. Wani lokaci laburaren da ake nema daban ne, sai ka sake zama ka karanta sunan, ka nemo kwamfutar da abin ke tashi a kanta, ka tambayi mai ita me ya saka. Yanzu da sabis ya dawo matasa kan ɗauki hoton akwatin su nema a waya, kuma hakan daidai ne. Amma na ga da yawa da ke rufe akwatin kafin su karanta shi, su zo su ce mani ta ƙi. Ni ban iya Turanci ba, amma ban taɓa rufe akwati ban sa an karanta mani ba.

Malam Nura ya tafi Katsina cikin motar safe. Ba waya, don haka ban ji komai ba sai da ya dawo da kansa bayan wasu makonni, ya kawo mani ƙosai a leda. Ya ce ya ci. Ya kunna a laftof ɗinsa ta tashi, aka yi mashi tambayoyi ya amsa. Daga nan wani dattijo cikin malaman, mai farin gemu da tabarau, ya ce bai yarda da abin da ke aiki a kwamfutar mai shi kaɗai ba, a zuba a tasa. Tasa kuma tsohuwa ce, Windo 7, kuma ya ce shi bai taɓa saka Python ba. Malam Nura ya ce tun kafin ya fara, ya riga ya laluba fayilolin biyu a filash. Ya zuba folda ya danna, sai ta tashi ba akwati ba komai.

Na ce, "To me ya kai mata laburaren?"

Ya ce bai sani ba.

Na ce, "Ko dattijon ma yana buga ƙwallo?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Haba Baba Sale, ina ni ina yi wa farfesa wannan tambayar?"

Na ce da ni ne da na tambaya.